Likitan da Ke Bayan Shagon Tela

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ɗan tsurut ne, iska mai ƙarfi ma sai ta nemi ɗaukarsa. Amma Allah ya hore masa maƙogwaro. Tun yana saurayi aka laƙaba masa Lasifika, kuma da muryar nan ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'ya huɗu.

Sana'arsa ɗaukar muryar talla. Mai sabulu, mai maganin ɓera, duk mai son amsa-kuwwarsa ta yi masa magana a kasuwa, wurin Kawu yake zuwa. Yana da ɗan ɗaki a bayan shagon tela, ya manne bangon da kwalayen ƙwai don kada ƙarar keken ɗinki ta shiga. Ka miƙa masa takarda, ya ce, "Wace murya kake so? Ta tsoho, ta ɗan kasuwa, ko ta likita?" Ta likita ta fi farin jini. Sai ya ɗan toshe hanci, ya saukar da murya can ƙasa, yana jan magana. A gida ba ya yin ta, don matarsa ta ce ba ta son iyayi.

Ban taɓa jin ya tambayi ko abin da ke takardar gaskiya ne ba. Cewa yake, "Ni baki ne kawai."

Ranar da ya kamata a kai jikansa allurar ƙyanda, sai ga 'yarsa Auta, uwar yaron, ta shigo da shi a goye, ta ce ta fasa.

"Baba, wani babban likita ne daga ƙasar waje ya yi bayani. Wai allurar tana busar da jinin yara. Saurara ka ji."

Ta kunna wayarta. Kawu na shan shayi, kofin ya tsaya tsakanin tebur da baki.

"Wa ya turo miki?"

"Yayar mijina."

"Ita kuma fa?"

"Haba Baba, likita ne fa! Ba ka ji muryarsa ba?"

Kawu ya ajiye kofi, ya toshe hanci, ya ci gaba da jawabin daga inda ta tsayar, har da ɗan gyaran muryar. Ashe shekarun baya wani mai tallan maganin kwalba ne ya kawo masa takardar. An yanke sunan maganin daga ƙarshe, sauran ya shiga duniya.

Matarsa ta yi dariya har da hawaye. "Likitan ƙasar waje! Mutumin da ko allurar ɗinki ya gani sai ya runtse ido!" Ni ma na dara, gaskiya. Kawu kuwa jikinsa ya yi sanyi, sai ya ba ni tausayi.

Auta ta ce, "To yanzu da wa zan yarda?"

"Ni dai kar ki yarda da ni. Tashi mu je asibiti, ki tambayi wadda ko gobe kika koma za ki same ta a kujerarta."

Ma'aikaciyar jinya ta amsa wa Auta tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, har ta gaya mata yaro zai iya yin ɗan zazzaɓi ya wuce. Aka yi allura, yaro ya tsala ihu, aka rarrashe shi.

Kawu ya koma ɗakinsa ya ɗauki sabon saƙo da muryar nan, yana ƙaryata kansa. Ban da mu 'yan gida, ba wanda ya tura shi gaba. Abin ya ƙona masa rai, shi ya sa yanzu duk ranar rigakafi yake zuwa asibiti da ƙafarsa, ya tsaya gaban layi ya yi wa mata muryar likita, ya gaya musu shi ne likitan da suka ji a waya, su yi ta shewa.

Rannan wata mata da ta rako ƙanwarta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, saboda maganarka na hana a yi wa nawa biyu allura."

"Suna ina?"

"Suna gida."

"Lafiyarsu ƙalau?"

"Ƙalau."

Kawu ya sauke ajiyar zuciya. "Maza je ki ɗauko su, zan riƙe miki layi."

Haka ya tsaya a tsakiyar mata masu goyo, da hularsa a hannu, rana na dukansa, bai gusa ba sai da ta dawo da su.