Ranar da na ƙi bin umarnin Kawu Sale

"Ungo, cika min wannan kafin lokaci ya ƙure."

Kawu Sale ne ya miƙo min wayarsa jiya a rumfar namansa da ke unguwar Walia. Saƙo ne ya shigo masa ta WhatsApp daga lambar amininsa, Alhaji Buba mai shanu: wai ana rabon tokin, wato kuɗin intanet na kirifto, kyauta, amma sai mutum ya rubuta kalmomin sirrin asusunsa na kirifto. A asusun nan jarin Kawu yake, da shi yake biyan dillalai a Kousseri.

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba zan cika ba."

"Ni za ka ƙi? Buba ne fa ya turo."

"Kalmomin nan su ne makullin jarinka. Mai ba ka kyauta, me zai yi da makullinka? Mu kira Alhaji tukuna."

Ya ɓata rai, ya ce yaran yanzu ba mu da kunya. Ban mayar masa da wayar ba. Na kira layin Alhaji, na buɗe murya.

"Sale, kada ka taɓa," in ji Alhaji Buba, muryarsa a dushe. "Ni na cika. Sun kwashe komai, sun ƙwace min WhatsApp, yanzu da sunana suke yaudarar mutane."

Kawu ya zauna a kan benci.

Yau na yi saƙon murya na gargaɗi da Hausa da Larabci, na tura wa dangi kaf, kuma duk mahaucin da na sani sai na je masa da kaina.

Gara babba ya yi fushi da ni yau, da ya wayi gari hannu wofi. Ku fa, da kun cika masa?