Hotunan Shanun Lawali

Na saci rumbun kwamfuta a shagon maigidana a Tsafe. A kansa aka ɗaure ni a Gusau. Ban musa a gaban alƙali ba, yanzu ma ba zan musa ba.

Ni ɗan Tsafe ne. Ban yi boko ba. Kafin in lalace dako nake yi a tasha, ina sauke buhunan masara da dawa. An san ni da ƙarfi da rashin surutu. Malam Sirajo, mai shagon tura fina-finai a waya a bakin titi, shi ya kira ni wata rana ya ce, "Bayan nan naka zai gaji. Zo ka koyi abin da ake yi a zaune." Na je.

Aikin ba wuya. Mutum ya kawo waya ko memori, ka zuba masa fim ko waƙa ko wa'azi. Ban iya karatu ba, amma ina gane kowane fim da hotonsa. Kayan duka suna cikin rumbu. Wani ɗan baƙin akwati ne, bai wuce tafin hannu ba, ana jona shi da kwamfuta. Malam ya raba cikinsa gida biyu. Gefe ɗaya na fina-finai ne. Ɗaya gefen yana kiransa ajiya.

Ajiya ta mutanen ƙauye ce. Waya takan faɗa ruwa, akan sace ta, ko 'yan bindiga su karɓe ta a hanya. Shi ya sa ranar kasuwa suke kawowa Malam ya kwafe musu abin da suke tsoron rasawa. Hotunan biki, hotunan suna, muryar tsohon da ya rasu. Ba ya karɓar komai a kan haka. Tun ranar da na fara ya ce min, "Wanga gefe ba namu ba ne. Ko da wasa kada hannunka ya kai."

Cikin masu kawo ajiya akwai Lawali, wani matashin manomi daga ƙauyen bayan dutse. Yana da bijimai biyu na huɗa da farar saniya. Kullum hotonsu yake kawowa, ta gaba, ta gefe, ta baya. Malam yakan tsokane shi.

"Lawali, ita uwargida ba ta da hoto ne? Kullum shanu."

"Ita wa zai kora ta daji, Malam? Da bakinta za ta dawo da kanta. Ka dai aje min waɗanga."

Mu yi dariya.

Da memori na fara. In baƙauye ya kawo babba mai kyau, sai in musanya masa da ƙarami. Ba ya ganewa sai ya isa gida. Daga nan caja. Daga nan wata mata ta manta wayarta a kan benci, ta dawo tana nema, na rantse ban gani ba. Malam ya saya mata wata. Ya dube ni ya daɗe, bai ce komai ba. Na ɗauki shirunsa wauta.

Ana cikin haka aka shiga ƙauyen su Lawali. Aka kashe shi a bakin turke, aka kora shanun. Ya bar mata da yara biyu ƙanana a hannun mahaifinsa, Baba Jaɓɓi. Na ji, na ce Allah ya jiƙansa, na koma kan abin da ke raina. Lokacin na riga na fara tunanin cewa shagon nan ba komai ba ne sai rumbu. Wanda ya riƙe rumbu shi ne mai shago.

Wata la'asar Malam ya tafi masallaci, ya bar kwamfuta tana kwafe hotunan wani cikin ajiya. Ya sha gaya min ba a cire rumbu yana aiki. Ban jira ba. Na fizge shi, na sa a aljihu, na hau motar Gusau. Daga can na wuce Bungudu, inda ba a san ni ba.

A Bungudu na haɗu da wani mai cajin waya da ke da tsohuwar kwamfuta. Muka shirya, shi da kwamfuta, ni da rumbu. Da muka jona, gefen fina-finai ya buɗe lafiya. Gefen ajiya ya ƙi. Fizgar da na yi ta ɓata shi. Wani rubutun Turanci ya fito.

Na ce, "Me kwamfutar take cewa?"

"Cewa ta yi a yi fomatin."

"Mene ne shi?"

"Sharewa. Ka samu fili ka zuba sababbin kaya. Ko akwai abin da kake so a ciki?"

Na san abin da ke ciki. Na ce babu. Ni na danna da hannuna. Kafin in ɗauke yatsa an gama. Daga ranar na fara zuba sababbin fina-finai a wurin, kaɗan-kaɗan. Kasuwa ta karɓe ni.

Yayata Hajo tana aure a Furfuri, takan kawo daddawa kasuwar Bungudu. Na yi ta kauce mata. Wata ranar kasuwa na ɗaga kai na gan ta tsaye a gabana da tire.

"Sannu da aiki, Alhaji mai shago."

"Yaya."

"Kada ka ce min yaya a nan mutane su ji. Inna ko gidan suna ta daina zuwa saboda kai. Amma ba shi ya kawo ni ba."

Ta ce an ƙwato shanun sata a daji, an tara su a wani fili a Gusau, ana kiran masu su. Baba Jaɓɓi ya je ya ga nasu a ciki. Sai dai ɓarayi sun ƙona sabuwar alama a kan tsohuwa, su kuma shanun, Lawali suka sani, ba tsohon ba. Ya kira, ko kunne ba su ɗaga ba. Mutanen ƙauyensu da za su yi masa shaida sun watse. Masu cewa nasu ne kuma sun fi shanun yawa. Masu rabon suka ce kowa ya kawo shaida kafin a gama.

"Sai ya tuna ɗansa yana aje hotuna wurin Malam Sirajo. Ya je. Malam ya ce ka gudu da rumbun, sai hawaye. Damina ta kusa. In babu shanun nan, da me za su yi huɗa? Me marayu za su ci?"

Na ce, "An share."

"To tashi ka je ka gaya wa marayun haka."

Ta ɗauki tirenta ta tafi.

Ban tashi ba. Na ce wa kaina abin da aka share ya tafi, in na fito ɗauri kawai zan sha. Wani sabon fim ya fito mai dogon zango, samari suna ta nema. Na zuba shi a wurin nan, har da na gaba da shi.

Bayan haka na shiga Gusau ɗauko wasu fina-finan, rumbu a aljihuna. Ɗan kabu-kabu ya bi da ni ta gefen filin da aka tara shanun. A gindin wata darbejiya na ga Baba Jaɓɓi zaune a ƙasa, yana kallon cikin shinge. A cinyarsa akwai igiyoyi uku, sababbi, na rama. Ya tuƙa su ya taho da su don ya ja dabbobinsa gida. Na ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ni inda ake gyaran kwamfuta.

Mai gyaran sunansa Nura. Na ajiye rumbun a teburinsa na ce an share gefe ɗaya, ko ana iya dawo da shi.

"Bayan sharewar ka zuba wani abu?"

"Na zuba."

"Da yawa?"

"Da ɗan yawa."

Ya ja tsaki. "Kullum haka kuke. Sharewa ba ta kwashe kaya. Kwamfuta ce kawai take manta inda ta aje kowane abu, kayan suna nan kwance. Amma duk sabon abin da ka zuba a kansu yake sauka. Wanda aka danne ya tafi, ba mai dawo da shi. Naka ne?"

"Sato shi na yi."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya dube ni, ya dubi ƙofa.

"Ko ka zauna ko ka gudu, ni sai na kira mai shi."

Na faɗa masa lambar Malam Sirajo. Na zauna.

Aikin ya ɗauki lokaci. Nura ya kawo wani rumbu nasa, ya ce a can zai riƙa tara duk abin da ya fito, ba za a ƙara ɗora ko ƙwayar abu a kan wancan ba. Kafin ya gama Malam ya iso daga Tsafe, da ɗan sanda, da Baba Jaɓɓi da ya biya ya ɗauko. Na zaci zai mare ni. Cewa kawai ya yi, "Da ka ce kana son naka shagon, da ni zan kwafe maka fina-finan." Bai ƙara kallona ba.

Hotunan suka fito a hargitse, babu sunan kowa, na wannan gida cikin na wancan. Dole sai an bi ɗaya bayan ɗaya. Malam ya juya fuskar kwamfutar ta kalli bango, ya ce wa ɗan sandan, "Yallaɓai, ka yi haƙuri ka matsa. Matan mutane ne a ciki." Shi ma Malam yana wuce hotunan da sauri, kansa a ƙasa. Wasu suna buɗewa. Wasu sun ƙi. Wasu rabi hoto, rabi toka-toka.

Can ya tsaya. "Baba, matso."

Idon Baba ba ƙarfi, sai da ya kai fuskarsa dab da gilashin. Bijiman ne, su biyu, ɗaya da karyayyen bakin ƙaho, ɗaya da baƙin tabo a wuya. Lawali yana tsakiyarsu ya dafa su. Baba ya sa yatsa a kan gilashin, ba a kan shanun ba.

"Ga ja'irin nan," in ji shi. "Ku duba shi, dariya yake."

Aka ci gaba da neman saniya. An bi duka. Hotonta ɗaya ne ya buɗe, shi ma sama kawai da ƙarshen ƙahoni. Daga nan zuwa ƙasa toka.

Kafin ɗan sanda ya fita da ni na tambayi Nura wane fim ne ya danne ta. Na farkon zuwana Bungudu, ko wanda na zuba bayan Yaya Hajo ta zo. Ya ce, "Wannan ba wanda zai iya gaya maka."

Ina tsare na ji sakamakon. An ba Baba bijimansa da shaidar hoton. Saniya kuwa fara ce, farare kuma suna da yawa a filin. Wani ya kawo shaidu, aka ba shi. Ban ce ƙarya ya yi ba. Wataƙila shi ma tasa fara ce.

Alƙali ya haɗa da wayar matar nan da memorin mutane, don ni na faɗa. Na yi zamana. Gidan yari ba abin da zan ba ku labari ba ne. Zafi, ƙwarƙwata, tuwon da kare zai shinshina ya wuce. Ba su ne suka fi cina ba. Ina zaune sai in tuna hotunan da suka ƙi buɗewa, waɗanda ban ma san na su waye ba. Akwai wanda muryar uwarsa ke ciki. Bai san ni ba, ban san shi ba.

Da na fito na fara zuwa wurin Inna, sannan Malam Sirajo. Ya ce ya yafe, amma kada in ƙara shiga shagonsa. Daidai ne. Ya kuma daina karɓar ajiya.

Daga nan na nemi Baba Jaɓɓi. Sun bar ƙauye, suna zaune a gefen garin Tsafe, yana noma gonar aro. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya bari na gama.

"Bijiman nawa ne, riƙo na ba Lawali. Sun dawo. Wahalar da na sha na yafe maka, duniya da lahira. Saniya kuwa shi ya saye ta da guminsa. Gadon waɗancan ce." Ya nuna yaran, suna wasa da ƙasa a bakin zaure. "Ba ni da ikon yafe abin maraya. Ka jira su yi hankali, ka tambaye su."

Samari, ga abin da zan ce muku. Ban taɓa riƙe bindiga ba, ban kori saniyar kowa daji ba. Memori na fara musanyawa, abin da bai kai farce ba. In ka ɗauki abin wani, ba ka san abin da ke cikinsa ba, ba ka san wanda ya rataya a kansa ba. In kuwa ka riga ka ɗauka, ka mayar yau. Kada ka ce ya riga ya lalace. Ni haka na ce, na zauna ina ƙara ɓarna a kan abin da yake da sauran gyara.

Yanzu ina Tsafe, na koma dako a tasha. Da damina ni nake riƙe wa Baba garma, don ƙarfinsa ya ƙare. Yaran suna kawo mana fura gona, suna kirana Kawu. Ba su san komai ba tukuna. Babban ko azumi bai fara ba. Ina jira.