Ashe Yaya Ba Daƙiƙiya Ba Ce

A shekarata ta uku a jami'a aka fara koya mana yadda ƙwaƙwalwa ke koyon karatu. Ba wani son ilimi ya kai ni ajin ba, ji na yi an ce malamar ba ta kayar da ɗalibai. Ran nan ta shigo da maganar disleksiya: yaro mai wayo, bakinsa garau, amma ya kasa haɗa harafi da sautinsa. Kalmar da ya karanta a layin sama, in ya sake gamuwa da ita a ƙasa sai ta zame masa baƙuwa. Ta ce ba ƙiwuya ba ce, haka aka haife shi.

Na kasa zama a kujera. Yayata ake siffantawa, kamar malamar a gidanmu ta tashi. Tun muna yara Baba ke zaunar da Yaya a tsakar gida, littafi a gabanta, bulala a gefensa. Ta sha duka har ta bar boko a firamare, aka laƙaba mata daƙiƙiya. Sunan ya bi ta har gidan miji, ita ma da shi take kiran kanta tana dariya.

Ban jira darasi na gaba ba. Na tari keke zuwa Laranto, inda Yaya take sayar da atamfa. Ruwa ake yi, ga cunkoso, mai keken kuma sai tsayawa yake yana neman fasinja, na yi ta yi masa masifa. Raina a ɓace yake. So nake in wanke ta, daga nan in wuce gida in gaya wa Baba ido da ido.

Na same ta tana ninke zannuwa. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na juye mata komai.

"Ke dai Auta, boko zai zautar da ke," in ji ta. "Sha ruwa tukuna."

"Yaya, ba laifinki ba ne. Abin har suna gare shi. Da an koya miki a hankali, sauti bayan sauti, da kin iya."

Na zaci za ta yi murna, ko ta yi kuka. Sai ta ajiye zanen, ta leƙa bayan shago, inda 'yarta ta fari, 'yar aji biyu, ke zaune a kan benci da littafi a cinya.

Ta rage murya. "Ana gadonsa?"

Na ce malamar ta ce yakan bi dangi.

Nan take duk zafin da na zo da shi ya bi ruwa.

"Jiya ma sai da na zane ta," ta ce. "Kullum nake zane ta. Tsoro nake kada ta zama ni."