Makon da Kibod Ɗina Ya Yi Shiru

Ƙugin firij ɗin ofis ne abin da na fara ji a safiyar Litinin ɗin nan. Wata takwas ina zama kusa da shi, ban taɓa sanin yana da murya ba. Yatsuna suna tafiya a kan madannai kamar kullum, haruffa suna fitowa a fuskar kwamfuta, amma babu ƙas-ƙas ɗin da kowa ya saba ji daga teburina. Madam, sakatariyar ofis, ta dube ni ta saman tabarau, ta jima, sannan ta mayar da kai. Na ɗauka daɗi ta ji.

Bautar ƙasa nake yi a lokacin, a wani kamfanin sayar da filaye a Abuja, a bene hawa na biyu. Ina zaune wurin gwaggona a Karmo. Kowa a ofis Kofa yake kirana, kamar yadda ake kiran duk mai bautar ƙasa. Saura wata uku in gama, kuma Oga, manajan ofishinmu, ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa zai riƙe ni aiki. A garin nan wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gwaggo har ta buga waya gida ta shaida wa mahaifiyata, an yi ta sa albarka.

Kibod ɗin nawa ne, ba na ofis ba. Na ofis idan ka danna shi kamar ka taka jiƙaƙƙiyar katifa, ba ka sanin ko harafin ya shiga. Na yi makonni ina kallon bidiyon mutane a waya, ba sa magana, dannawa kawai suke yi don a ji sautin. Daga nan na gane akwai irin kibod ɗin da kowane madanni yake da nasa ɗan suwic mai sifirin a ƙasa, ana iya cire shi a sa wani, kuma launinsa ke nuna halinsa. Wata Asabar na je wani shago a Wuse. Mai shagon ya miƙo mini ɗan allo mai suwic iri-iri a jere, ya ce in gwada. Na daɗe tsaye ina dannawa ido rufe, har ya ce, "Hajiya, ko in kawo miki kujera?" Shuɗi na zaɓa, mai ƙara. Hulunan madannan kuma na ɗauki masu launin jar ƙasa da na madara, don sun tuna mini tukwanen da ake jerawa a bakin hanyar Kwali. Guda uku na ware masu ruwan ɗorawa, na sa musu ƙ da ɗ da ɓ.

Dalilina, wanda ban faɗa wa kowa ba, shi ne waƙa nake rubutawa. Bayan sallar azahar kowa yakan fita cin abinci, ni kuwa in buɗe kular da Gwaggo ta zuba mini, in ci loma biyu, in hau rubutu. Ƙarar tana taimaka mini. Ina jin karin baiti a kunnena kafin in karanta shi. Idan ɗango ya yi tsawo, yatsuna ne suke fara sani. Sau da yawa mutane sukan dawo su same ni ban daina ba.

Baba direba, dattijon da ke tuƙa motar kamfani, yakan leƙo ya ce, "'Yata, ɗinkin sallah ne ya yi yawa?"

Madam kuwa 'yar Filato ce, ta kusa shekarun mahaifiyata, Hausarta irin ta Abuja, wadda ba ta raba namiji da mace. "Kofa," in ji ta, "wannan abu naka kamar ana soya gugguru a cikin kaina. Ka ji tausayin tsohuwa mana." Sai ta yi dariya, ni ma in yi, in ci gaba.

Ranar wata Alhamis ba ta yi dariya ba. Ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, ta shafa man zafi a goshi, ta yini tana runtse ido duk lokacin da na danna dogon madannin nan na ƙasa. Kunya ta kama ni. Ranar Juma'a ban je ofis ba, don ranar aikin gayyarmu ce ta masu bautar ƙasa. Asabar na biya ofis, da yake ana buɗewa rabin yini, na ɗauko kibod ɗin, sannan na koma shagon Wuse na sayo jan suwic marar ƙara. Lahadi da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ari farantin Gwaggo, na cire huluna sittin da takwas ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe mai kama da hantsaki. Kowane sabon suwic sai na buɗe shi, na shafa masa ɗan giris da siririn buroshi, na rufe, na danna shi a gurbinsa.

Gwaggo ta tsaya a kaina da tsintsiya a hannu. "Ke kuma tsintar wake kike yi, ko aikin asibiti?"

"Gyara nake yi, Gwaggo. Yana damun mutane."

"To, Allah ya sa su gode."

Haka na shiga ofis ranar Litinin, ina jiran Madam ta lura ta ce an gode. Ba ta ce ba. Baba direba ya leƙo, ya dubi teburina, ya dubi Madam, ya fita babu tsokana. Da azahar ta yi, a karo na farko tun zuwana, Madam ba ta fita cin abinci ba. Ta fiddo gyaɗa daga jaka tana ɓarewa a hankali, kujerarta a juye ta yadda take hango fuskar kwamfutata. Na kasa rubuta ko ɗango ɗaya.

A matakala Baba ya tare ni da yamma. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya rage murya.

"'Yata, ranar Juma'a ba kya nan. Mai kamfani ya bugo wa Oga waya, muna jin ihunsa daga waje. Wani ya aika masa takarda, babu suna, wai ana sayar da fili ɗaya ga mutum biyu a ofis ɗin nan."

"Innalillahi. Wa ya aika?"

"Abin da ake tambaya ke nan. Ana cewa doguwar takarda ce, shafi huɗu, Turanci tsaf. Sai aka ce, to, wa yake dogon rubutu a nan lokacin da babu aiki?" Ya sosa gemu. "Da kin bar abin nan naki yana kukansa. Wata takwas yana kuka, sai yau ya yi shiru?"

A motar Karmo na yi ta juya maganar. Idan na mayar da shuɗin gobe, za a ce na ji ana zargina ne. Idan na bar jan, za a ce ina ɓoye rubutu. Sai tunanina ya koma kan Madam. Wata takwas tana ƙorafi da dariya, me ya sa sai ranar Alhamis ciwon kan ya tashi, kwana ɗaya kafin wayar? Ko ta san abin da ke tafe? Ita ce mai riƙe mabuɗin ofis. Ranar Juma'a teburina babu kowa, kibod ɗina yana ajiye a kai. Talata da safe, kafin kowa ya iso, na sunkuya ina shinshina madannai ko zan ji ƙamshin man zafi, alhali ni da hannuna na wanke hulunan ranar Lahadi. Giris kawai na ji. Duk da haka, da zan je alwala, na ɗora siririn zare a kan layin tsakiya don in ga ko wani zai taɓa. Na dawo na tarar zaren a ƙasa. Fanka ce ko mutum, ban sani ba.

Har Baba ban bari ba. Na tambayi kaina me ya sa ya faɗa mini, kuma a ina ya ji shafi huɗu ne. Wataƙila aiko shi aka yi ya ga yadda fuskata za ta yi.

Akwai wani abu kuma da ya fi waɗannan damuna. Waƙoƙina suna cikin wata 'yar filas da nake ratayawa da mabuɗin ɗakina, kowace da lambarta. Ta ashirin da uku a kan wata tsohuwa ce da ta taɓa zuwa ofis da takardunta a cikin leda, ta zauna a matakala tana cewa ta je filinta ta tarar an haƙa harsashin ginin wani. Ban san gaskiyar lamarinta ba. Zamanta na rubuta, da yadda take shafa ledar kamar tana lallashin jariri. Amma duk wanda ya karanta a wannan mako, ba zaman zai gani ba. Ranar Talata da la'asar, ina kallon bayan Madam, na goge ta.

Laraba Oga ya kira ni, ya ce in taho da kibod ɗin. Ya karɓa, ya auna nauyinsa a hannu, ya juya bayansa, ya leƙa ramin waya.

"Kofa, abin nan yana ajiye abin da aka rubuta da shi?"

"A'a, Oga. Madannai ne kawai."

"Madannai ne kawai." Ya danna guda biyu, bai ji komai ba, ya kai kunne ya sake dannawa. "Da har nan nake jin ki, ƙofa a rufe. Me ya same shi?"

Na faɗa masa gaskiya: ciwon kan Madam, shagon Wuse, tabarmar Gwaggo. Ya kira Madam. Ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a harɗe.

"Ni, Oga? Tun da ya zo nake magana, bai canja ba. Me ya sa yanzu, ban sani ba. Ban ce ya yi komai ba fa. Ban sani ba kawai."

Babu ƙarya a maganarta, shi ya sa ta fi zafi. Da ta fita, Oga ya ce yana so ya ga abin da nake rubutawa da azahar. Ya ce ba dole ba ne. Ya faɗi haka yana miƙo hannu. Na ciro filas ɗin na ba shi.

Ban taɓa nuna wa kowa waƙoƙin nan ba, ko mahaifiyata. Ya buɗe ta tara, wadda na yi wa ruwan farko a kan kwanukan Karmo, ya karanta ɗango biyu da ƙarfi, da irin muryar da yake karanta girman fili. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Ya buɗe wasu biyu, ya gaji, har ya yi murmushi. Na fara sakin numfashi. Sai ya gangara ƙasa yana bin lambobi da ido, ya tsaya.

"Ashirin da biyu. Ashirin da huɗu. Ina ta ashirin da uku?"

"Ba ta yi kyau ba, Oga. Na goge."

"Yaushe?"

"Da daɗewa."

Ita ce ƙarya ta farko da na yi a cikin maganar gaba ɗaya, kuma ina jin ya gan ta a fuskata. Ya zare filas ɗin, ya ɗora a kan kibod, ya turo mini su tare. "Je ki, Kofa. Allah ya ƙara basira."

Babu wanda ya sake tayar da zancen. Fayil ɗin filaye dai ya daina zuwa teburina. Wata uku ina ɗaukar hoton takardu, ina haɗa su da fin. Madam ta koma fita cin abinci, amma takan kulle durowarta kafin ta tashi, ta gwada ta sau biyu. Ni ma na koma sa kibod ɗina a jaka ko masallacin ƙasa zan je. Muna gaisawa da safe, tana tambayata Gwaggo, ina tambayarta yara, kowa yana kallon hannun ɗaya. Waƙa kuwa ta ƙi zuwa. Nakan buɗe shafi, in danna, babu sautin da zai gaya mini ko karin ya daidaita, sai in rufe.

Ranar da na gama, aka ba ni takardar sallama da katan ɗin lemo. Oga ya ce kasuwa ta yi sanyi, ba a ɗaukar mutane yanzu, zai neme ni. Baba direba ya sauke mini katan ɗin har bakin titi, ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata, rabonki ba a nan yake ba." A gida Gwaggo ta dubi katan ɗin, ta dube ni, ta ce ni zan kira mahaifiyata da kaina, ita ba za ta iya ba.

Shekara kusan uku bayan haka, ina koyarwa a wata makaranta a Abaji, na zo Karmo hutu, na ci karo da Madam a kasuwa tana taya doya. Ita ta fara gane ni. "Kofa!" Ta rungume ni har tabarau ɗinta ya karkace. Ta bar kamfanin ita ma. Muka tsaya a inuwar wata rumfa, ta tambayi aiki, ta tambayi aure, sannan ta juya doyar a hannu. Ta ce lokacin da ake ta maganar nan, babu wanda ya ga takardar a ofis, har Oga. A waya kawai aka faɗa masa. Sai bayan tafiyata da wata biyu mai kamfani ya aiko da ita, kuma ita Madam ce ta sa ta a fayil. Ba a taɓa gano mai ita ba. Shafi ɗaya ce, da Hausa, an yago ta daga littafin 'yan makaranta, kuma da biro aka rubuta ta.