Layar Zakariya'u Baduku

Duk wanda ya zauna a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya a shekarun casa'in, in dai yana shiga kasuwar 'yan Nijar, ya san Zakariya'u baduku. Rumfarsa ƙarama ce, ana jin warin jima tun kafin a iso ta. Yana ɗinka takalma da kube, amma an fi saninsa da ɗinkin laya. Malami zai rubuta, ya naɗe, ya aiko masa, shi kuma ya rufe da jar fata, ɗinki sumul kamar an haifi fatar a haka.

Shi ma yana da tasa a wuya, baƙa, ta sha gumi har tana sheƙi. Ko wanka zai yi ba ya cire ta. Mutane suka yi ta ba ta labari: wai ita ta fitar da shi lokacin da motarsu ta mutu kwana huɗu a hamada, wai jandarma ba sa ganinsa ranar kame. Shi dai murmushi yake yi, ya ci gaba da huda fata.

Abin da ke cikinta ɗan gicciye ne na itace, bai kai tsawon yatsa ba. Uwarsa ta ba shi a ƙauyensu kusa da Maradi, inda aka yi masa baftisma yana saurayi. Zakariya'u Kirista ne, matarsa Mariyamu ma haka. Da suka iso garin nan, mai masaukinsu Musulmi ne, masu ba shi aiki Musulmi ne, ga labarin kashe-kashe yana ta gangarowa daga arewacin ƙasar. Babu wanda ya yi masa barazana. Tsoro ne kawai ya shigo ya zauna, kamar baƙon da ba a san ranar tafiyarsa ba. Sai ya ɗinke gicciyen a cikin fata. Ranar Juma'a yakan ce shi zai tsare wa mutane rumfunansu, har ana yaba masa.

Amininsa shi ne Sha'ibu mahauci, mutumin Damagaram, mai gasa nama a rumfar da ke kallon tasa.

"Baduku, warinka na korar mini masu saye!" in ji Sha'ibu kowace safiya.

"Sarkin Fawa, ai fatar tsofaffin akuyoyinka ce. In sun ji warin, sun san abin da ka ba su jiya."

A shekara ta casa'in da shida Mariyamu ta kwanta, mako biyu ta cika. Kafin Zakariya'u ya dawo hayyacinsa, matan unguwa sun yi mata wanka, Sha'ibu ya kawo likkafani, liman ya tsaya gaba. Alheri suka yi masa, iyakar wanda suka sani. Ya tsaya a cikin sahu, laya na kwance a ƙirjinsa, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Matar da take rera waƙoƙin sujada ƙasa-ƙasa in tana tankaɗe, aka rufe ta ba tare da ko ɗaya ba. Daga ranar bai ƙara cin abinci ya ji gishiri ba.

Bayan shekara uku, wata ranar Talata da hantsi, Sha'ibu ya shigo rumfar ba sallama, ba tsokana. 'Yarsa Sauda tana asibiti, kwana biyu tana naƙuda.

"Ɗan'uwa, ba ni aron layarka," ya ce. "A ɗaura mata. In ta sauka zan dawo maka da ita da hannuna."

Maƙwabta sun matso suna jira. Da Zakariya'u ya miƙa ta, shi ke nan, domin ba a buɗe laya. Amma a zuciyarsa ya hango Sauda, wadda ta taso tana ce masa Baba, an rataya mata abin da ubanta bai sani ba, a ranar da take tsakanin rai da mutuwa. Ya cire layar. Ya ɗauki 'yar wuƙarsa ya farke ɗinkin da ya yi shekara takwas da suka wuce. Gicciyen ya faɗo a tafin hannunsa.

"Sha'ibu, ga abin da ke ciki. Ni mai bin Almasihu ne. Mariyamu ma haka take, na bari kuka rufe ta ban faɗa ba. Wannan ba magani ba ne, ba zan cuce ka da shi ba. Amma zan roƙa wa Sauda Allah, in ka yarda."

Sha'ibu ya daɗe yana kallon tafin hannun.

"Shekara takwas muna cin tuwo a akushi ɗaya," ya ce. "Ni na haƙa kabarin matarka. Me na yi maka da ka ɗauke ni maƙiyi?"

Ya juya ya tafi. Sauda ta rasu da la'asar, ita da abin da ke cikinta.

Zakariya'u ya je gaisuwa, gicciyen a kan rigarsa, rataye da zare. Aka matsa masa a bakin tabarma. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, wasu suka amsa, Sha'ibu bai ɗago ba. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya taɓa shi. Malamai dai suka daina aiko da layu, rumfar ta yi shiru, kuma da safe babu mai ce masa yana wari. Ya rufe, ya koma ƙauyen Outoul da ke wajen gari yana ban ruwa a lambun wani Buzu. Kowace Lahadi yakan shiga taksi zuwa gari, ya bi ta tsakiyar kasuwa da ƙafa zuwa 'yar majami'ar da baƙi ke taruwa. Yakan yi sallama a rumfar Sha'ibu. Wani lokaci a amsa, wani lokaci hayaƙi kawai.

Ya rasu a shekara ta dubu biyu da biyar, a bukkarsa ta lambu, lokacin da rumman ke nuna. 'Yan Nijar masu aiki a wurin sababbin zuwa ne, ba su san shi sosai ba. Suka ɗora ruwan wankan gawa, suka aika gari a sayo likkafani. Wanda aka aika ya biya ta rumfar Sha'ibu, ya faɗa masa.

Tsohon ya zo, gemunsa ya yi fari fat. Ya durƙusa, ya gyara zaren da ya karkace a wuyan mamacin.

"Ku dakata," ya ce. "Ku je ku kira mutanensa na majami'a, su yi masa irin tasu, da waƙoƙinsu. Ya faɗa mana da bakinsa."

Wani ya tambaya ko su tafi ke nan.

"Ina za ku? Kabari ai ba ya haƙa kansa. Miƙo mini diga."