Ranar da Na Ga Inda Nake Tafiya

Abin da na fara lura da shi a ɗakin asibitin nan na Dutse shi ne tsinken tsifa da kwalbar man shanu, an ajiye su kusa da wata na'ura mai wayoyi. Ina aji biyu na sakandare a lokacin, farkon shekarun shari'a, 'yar ruga daga wajen Miga, marar magana.

Ciwona shi ne ɗaukewa. Ana cikin magana sai in tsaya cak, ido a buɗe, in dawo in tarar an wuce ni. A makaranta bulala nake sha, wai raini ne. A gida aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Ni kuwa na yarda daƙiƙiya ce ni, na ƙi gaya wa kowa cewa ban ma san na tafi ba. Baffa, mahaifina, ya ce daga wannan zangon na bar karatu.

Sai wasu likitoci masu bincike suka zo rugarmu. Suka ce masu ciwon ƙwaƙwalwa da suke gani kusan duk 'yan gari ne, ina 'ya'yan makiyaya? Goggona ta ce musu ai an ji labari, gwajinsu sai yarinya ta tsefe kai a gaban namiji, su kuwa ba su haukace ba. Maimakon su yi musu, sai suka tambaye ta yadda za a yi. Aka tsayar cewa mata ne za su yi gwajin, mai kitsonmu kuma ta biyo mu ta yi kitso mai tsaga daidai inda wayoyin za su zauna.

Da aka manna mini wayoyin, likitar ta ce in yi ta numfashi da ƙarfi. Wasu allurai suna ta zane a doguwar takarda. Ban san komai ba sai salatin Goggo na ji. Likitar ta nuna mini: ga layuka a kwance, ga su sun miƙe a jere kamar duwatsun garin, ga su sun sake kwanciya. Ta ce nan na tafi, nan na dawo. Wata irin farfaɗiya ce da ba ta kayar da mutum, kuma tana da magani. Ashe abin da ke cikin kaina ana iya ganinsa!

Aka ɗora ni a kan maganin, har na gama sakandare, alhamdu lillahi, amma har yau ina takaicin shekarun da na yi shiru. Iyaye da malamai, in yaro yana ɗaukewa, ku ajiye bulala ku tambaye shi.

Ranar gwajin dai Baffa yana waje a kan benci. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, na kama hannun likitar, na roƙe ta a kira shi ya shigo, a sake gwajin a gabansa.