Ƙusar Labule

Daga gadon sama, ɗalibar da ta riga kowa tarewa a ɗakin tana kallon mahaifin sabuwar yarinyar. Dattijo ne siriri, hula ta zame ƙeya, ƙusoshi a baki, yana buga ɗaya a bango da dunduniyar takalminsa don a rataya labule. Ya riga ya tura akwati da bokiti ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe katifa, ya zagaya da madubi ɗakin nan kaf har ya maido shi inda yake.

"Baba, labule ne fa, ba rufin gida ba," in ji 'yar, tana satar kallon 'yan ɗakin. "Mota za ta tafi ta bar ka."

"Auta, ke me kika sani game da ƙusa?"

Ta gadon sama ta kusa fashewa da dariya, sai ta lura ƙusar ta zauna daram tun ɗazu, a miƙe sambal. Wataƙila gidan da zai koma babu sauran mai yi masa surutu.

Dattijon ya ja baya, ya ƙare wa bangon kallo, ya yi tsaki.

"Ta karkace," ya ce, ya sa hannu yana zare ta.